Gawayin Nomau

A bangon ɗakin Nomau, wanda ya rage a tsaye,
akwai zanen gawayi uku.
Na ƙasa, shekarar da aka haifi Arzika.
Na tsakiya, shekarar da albasa ta yi kuɗi.
Na sama kuwa,
sai da ya hau turmi kafin hannunsa ya kai.

Maggiya ba ta sallama.
Da tsakar dare ta zo, ko ɗigo babu a samanmu,
ruwan wasu ne, daga can cikin duwatsu.
Ta shigo ta bayan gida kamar mai bin bashi,
ta ɗauki rumbu, ta ɗauki akuyar Hassiya da cikinta,
ta haɗa da takardar haihuwata.

Bayan sati uku farar mota ta iso daga Tawa.
Tun da ni na yi lakkwal,
ni aka miƙa wa biro da takarda mai layi-layi:
ɗaki nawa, rumbu nawa, bisashe nawa.
Tsohuwa Tamo ta ce in rubuta magaryarta,
wadda mijinta ya mutu a inuwarta.
Na duba sama da ƙasa, babu gurbin magarya.
Na sa ta cikin bisashe.
Allah ya yafe mini.

An ce gwamnati ta ware kuɗin tada garuruwa.
Rediyo ya faɗi adadin, muka yi shiru.
Nomau ya ce, ku auna mini shi da buhun gero.
Babu wanda ya iya.
Daga Yamai kuɗin ya taso, hanya da nisa,
kuma ko ruwa in ya daɗe yana bin rairayi
ba ya isa yadda ya fito.
Ban ce komai ba. Abin da ya iso dai ya iso:
siminti, ragar waya, baro goma sha biyu,
da wani yaro injiniya mai kunya, Tsahiru,
wanda ke cire takalmi kafin ya yi wa tsofaffi gardama.

Ya ce mu koma kan tudu.
Tudu babu rijiya.
Tamo ta ce, wa zai je maƙabarta
ya gaya musu mun tashi?
Gida ashirin suka hau, sauran muka zauna,
har yau akwai waɗanda ba su gaisawa.

Sai aikin dutse.
Jika biyu a wuni, a ɗauko, a jera cikin raga, a ɗaure.
Arzika, shekara bakwai yana tallar takalma a Abijan,
ya ji labari ya dawo.
Na ga uwarsa tana kawo masa fura bakin aiki,
tana tsaye har ya shanye,
kamar ƙwaryar ce za ta gudu.

Nomau ya ja Tsahiru gefe:
Yaro, kada ka toshe mata baki.
Lakar da albasarmu ke ci, ita ke kawowa.
Nuna mata hanya kawai.
Tsahiru ya goge wani layi a takardarsa, ya ja wani.

Jiya da dare aka yi ta walƙiya a gabas.
Na ɗauki tocila a ɓoye,
sai na tarar da rabin gari a kan duwatsun,
har da mutanen tudu.
Ta zo, ja, tana gurnani.
Ta shinshina ragar, ta tura, ta sake turawa,
wani dutse ya motsa a ƙarƙashin ƙafata,
sannan ta karkata ta nufi fadama.

Babu wanda ya yi guɗa. Damina ba ta yi rabi ba.

Da gari ya waye na ga Nomau gaban bangonsa,
hannu cikin aljihu.
Bai zana komai ba.
Gawayin ma bai yar ba.